Suna a Majigi, Aiki a Mabera: Sharhi Kan Finafinan Sojojin Ƙundumbala

Duk ɗalibin da ya taɓa raka ɗan uwansa ɗan kasuwa sarin kaya a Titin Guangyuan na Yamma, a nan birnin Guangzhou, ya san cewa da zarar an gama cinikin takalma da wanduna a kasuwar Canaan aka zauna cin abinci, musu iri biyu ne ke tashi. Na farko ƙwallo, na biyu kuwa sojoji: su wane ne zaratan duniya? Wani ya ce SEAL na Amurka, wani ya ce SAS na Ingila, wani ya kawo Spetsnaz na Rasha, a 'yan shekarun nan kuma an samu masu cewa ai Sinawa sun wuce kowa. Idan ka tambayi hujja, sai a ambata maka sunan fim. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu ɗauki finafinan nan mu auna su da abin da ya faru a zahiri, musamman da yake wasu daga cikin ayyukan waɗannan dakaru a ƙasarmu aka yi su, a unguwanni da ƙauyukan da mai karatu ya sani.

Bari mu fara da na masu masaukinmu. Wolf Warrior 2, wanda Wu Jing ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin jarumi, ya fita a ƙarshen watan Yulin 2017, ya tara sama da yuwan biliyan 5 da rabi. Labarin wani korarren sojan ƙundumbala ne, Leng Feng, da yaƙin basasa ya rutsa da shi a wata ƙasar Afirka da ba a ko damu a raɗa mata suna ba. Shi kaɗai ya tunkari sojojin haya Turawa, ya kwashe ma'aikatan wata masana'anta, a ƙarshe ya ɗaura tutar Sin a hannunsa ya ratsa fagen daga, kowa ya sauke bindiga. Ta fuskar sana'a ba zan tauye shi ba: faɗan cikin ruwa da aka buɗe fim ɗin da shi ya tsaru, kuma Wu Jing ya iya dambe da gaske. Amma mutanen Afirka a cikinsa kashi uku ne kawai: masu kuka, masu rawa, da masu harbi ba saiti. An rufe shi da hoton fasfo da saƙon cewa duk inda Basine ya shiga haɗari ƙasarsa na bayansa. A Titin Guangyuan kalmar fasfo wani abu daban take tunawa mutane, domin a kan wannan titin ne 'yan Afirka suka yi cincirindo gaban ofishin 'yan sanda a watan Yulin 2009, bayan wani ɗan Najeriya ya diro daga bene yana gudun masu binciken takardu.

To mene ne a ƙasa? Sin na da dakaru na musamman, hasali ma rundunarsu ta farko a yankin sojan Guangzhou aka kafa ta a 1988. Rundunar Damisar Ƙanƙara ta 'yan sanda masu ɗamara ta lashe gasar zaratan sojoji a Jodan a 2013 da 2014. Sai dai gasa daban, yaƙi daban, kuma rabon Sin da babban yaƙi tun karonta da Biyetnam a 1979. Kwashe mutane daga tashar Aden ta Yaman a 2015, wanda aka gina fim ɗin Operation Red Sea a kansa, aiki ne mai kyau da ya ceci Sinawa ɗaruruwa da 'yan wasu ƙasashe, amma jiragen ruwa ne suka tsaya aka loda mutane. Ruwan harsashin da ke cikin fim ɗin na darakta Dante Lam ne. A watan Nuwamban wannan shekarar, da aka kai hari otal ɗin Radisson Blu a Bamako aka kashe manyan jami'an wani kamfanin jirgin ƙasa na Sin su uku, dakarun Mali ne da taimakon Faransawa da Amurkawa suka shiga ginin. Ba na cewa sojojin Sin ragwaye ne. Abin da nake cewa shi ne, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, su kuwa tasu miyar ba a ko taɓa ta ba.

Wu Jing bai ƙago komai ba, daga Amurkawa ya koya. Tears of the Sun na 2003 ya kawo Bruce Willis da tawagar SEAL cikin wata Najeriya da aka ɗauka a dazukan Hawai, inda Fulani Musulmi suka yi juyin mulki suna bin mutane suna yanka, tsirarun Amurkawa kuma suka tare bataliya guda. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ba ya buƙatar a gaya masa abin da ke damun wannan fim. Black Hawk Down na 2001 ya fi shi gaskiya, tunda faɗan Mogadishu na 3 da 4 ga Oktoban 1993 ya faru, an kashe Amurkawa 18 da Somaliyawa ɗaruruwa. Amma dabarar fim ɗin ita ce ya mayar da aikin da ya ɓaci ya zama labarin jarumta, ya kuma rage rawar sojojin Malesiya da Pakistan, alhali motocinsu masu sulke ne suka shiga garin cikin dare suka fito da zaratan Amurka.

Kyamara ta daɗe tana raba suna. A ƙarshen Afrilun 1980 yunƙurin Amurka na ceto mutanenta daga Tehran ya watse a hamadar Tabas, jirage biyu suka yi karo, sojoji 8 suka mutu ba tare da sun ga abokin gaba ba. Kwana goma sha ɗaya bayan haka SAS suka kutsa ofishin jakadancin Iran a Landan, suka gama cikin minti 17 ana nunawa kai tsaye a talabijin. Daga ranar sunan SAS ya shiga duniya. Aikin ya yi kyau, babu musu, amma a garinsu aka yi shi, bayan kwana shida suna nazarin ginin.

Yanzu mu dawo gida. A watan Mayun 2011 aka sace injiniyoyi biyu, Baturen Ingila da ɗan Italiya, a Birnin Kebbi, inda kamfaninsu ke ginin reshen Babban Banki. Wata goma ana nemansu. A farkon Maris na 2012 jami'an tsaro suka kama wasu mutane a Zariya, daga nan aka gano gidan da ake tsare da su a unguwar Mabera cikin Sakkwato. Ranar 8 ga wata dakarun SBS na Ingila, 'yan uwan SAS ta ɓangaren ruwa, tare da sojojin Najeriya suka afka wa gidan. Da rana tsaka aka yi samamen, abin da irin waɗannan dakaru ba sa so, domin duk fifikonsu yana cikin duhu ne da na'urar gani da dare. Dalili shi ne ana tsoron masu tsaron sun ji labarin kamen Zariya, za su sauya wuri ko su kashe mutanen. Kafin a kai ga ɗakin an riga an harbe su duka biyu, musayar wuta kuma ta ɗauki sa'o'i mazauna Mabera na kwance a ɗakunansu. Gwamnatin Italiya ba ta ji labari ba sai da aka fara, har Shugaba Napolitano ya fito ya nuna ɓacin ransa ga gwamnatin David Cameron. Mutanen da aka tura Mabera ba su gaza na Landan horo ba. Abin da suka rasa lokaci ne da mamaya, waɗannan kuwa ba a koyar da su a sansani. Wata uku ba su cika ba irin haka ta sake faruwa a Kano, inda wani injiniya Bajamushe ya mutu a hannun masu tsare da shi yayin samamen rundunar haɗin gwiwa ta Najeriya. Shekara guda kafin nan, a Janairun 2011, Faransawa sun bi sawun waɗanda suka sace samarinsu biyu daga wani gidan cin abinci a Yamai har iyakar Mali, aka rasa samarin, aka rasa jandarmomin Nijar.

Tongo Tongo ya fi duka ba da darasi. Ranar 4 ga Oktoban 2017, wata biyu da 'yan kwanaki bayan fitowar fim ɗin Wu Jing, wata tawagar dakarun Amurka na musamman da sojojin Nijar ta faɗa kwanton ɓauna a wajen wannan ƙauye na jihar Tillaberi. Aka kashe Amurkawa 4 da sojojin Nijar aƙalla 4, gawar Ba'amurke ɗaya ma sai bayan kwana biyu aka same ta. Jiragen yaƙin Faransa ne suka zo suka yi shawagi ƙasa-ƙasa har maharan suka janye. Binciken da ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar a Mayun 2018 ya nuna tawagar ba ta yi isasshen atisaye tare ba kafin a tura ta, kuma takardar neman izinin fita ba ta faɗi ainihin aikin da za a je yi ba. Motocinsu ba masu sulke ba ne. Maharan kuwa a kan babura suke, sun san kowane kwazazzabo, sun kuma fi su yawa nesa ba kusa ba.

Don adalci, akwai inda suna ya yi daidai da aiki. A ƙarshen Oktoban 2020 aka sace wani Ba'amurke a ƙauyen Masallata kusa da Birnin Ƙonni aka tsallaka da shi Najeriya. Daren 31 ga wata dakarun SEAL suka diro, suka kashe shida daga cikin masu garkuwar, suka fita da mutuminsu lafiya, ba su rasa kowa ba. Amma a duba sharuɗɗan: kwanaki kaɗan ne tsakanin sata da ceto, an bi sawun wayoyin ɓarayin, an samu dare, ɓarayin kuma masu neman kuɗin fansa ne, ba masu shirin mutuwa ba. Wato abin da ya bambanta Ƙonni da Mabera bayanan sirri ne da irin abokin gaba, tambarin da ke kafaɗar soja bai shigo ciki ba. Finafinan nan kuwa sun fi son tambarin, domin mai zaman sauraren waya wata da watanni ba ya cika gidan kallo.

Babban laifin da nake gani a dukkansu, na Sin da na Amurka, shi ne yadda suke lissafin gawa. Wanda ya zo daga nesa yana da suna da mata da hoton ɗansa a aljihu. Sojan ƙasar da ake yaƙin a cikinta kuwa direba ne ko mai nuna hanya, ya faɗi kyamara ta wuce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sojojin Najeriya da suka ƙwace Firitawun a 1998 ƙarƙashin ECOMOG, da irin su Laftanar Kanal Muhammad Abu Ali da ya yi fice wajen ƙwato Baga a 2015 aka kashe shi a Malam Fatori a Nuwamban 2016, sun ga wutar da yawancin jaruman majigi ba su gani ba, duk da cewa rundunar tamu na da nata abin kunyar da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka rubuta. Sojojin Faransa sun bar Nijar a ƙarshen 2023, na Amurka a 2024, faɗan ya rage wa 'yan gida. Malesiya dai da ta gaji da jiran Amurkawa su ba ta haƙƙinta, sai ta shirya nata fim ɗin kan daren Mogadishu, mai suna Malbatt, ta fitar da shi a 2023, shekara talatin cif bayan faɗan.