Makin Asabar na rage wa nasara daraja a Formula 1

Tun 2010 wanda ya zo na ɗaya a tseren Formula 1 yake kwasar maki 25, na biyu 18, na uku 15, a yi ta saukowa har na goma ya samu guda. Tazarar maki bakwai tsakanin na ɗaya da na biyu ita ce abin da na fi ƙauna a tsarin, domin ita ke sa direba ya yi ƙundunbala ya nemi wuce na gabansa a kwana mai haɗari maimakon ya lallaɓa ya ƙarasa.

An taɓa rage wannan tazara, an kuma ga sakamakonta. Bayan Michael Schumacher ya lashe kambun 2002 tun a watan Yuli a Faransa, sai aka ɗaga makin na biyu daga 6 zuwa 8 a 2003, na ɗaya yana nan da 10. A 2008 Felipe Massa ya ci tsere shida, Lewis Hamilton biyar, amma Hamilton ne ya zama zakara da maki 98, Massa 97. Hamilton gwani ne, ba na musu, sai dai har yau ina jin an tauye wanda ya fi yawan nasara.

Shi ya sa gajeren tseren ranar Asabar da aka ƙirƙiro a 2021 yake damuna. Kilomita kusan 100 ake yi, kashi ɗaya cikin uku na babban tseren Lahadi, kuma tun 2022 na ɗaya yana samun maki 8, na biyu 7. Maki ɗaya tak! Wane direba mai hankali ne zai yarda ya farfasa motarsa a kan maki guda, alhali gobe akwai 25 a gaba? Duk da haka tun 2023 sau shida ake yinsa a kaka, wato maki 48, kusan nasara biyu ke nan ta Lahadi.

Hukumar FIA mai kula da wasan ta san gyara in ta so. Ninka makin tseren ƙarshe da aka yi a Abu Dhabi a 2014 shekara ɗaya ya yi aka watsar, makin zagaye mafi sauri ma an soke shi daga 2025. In dole sai an ci gaba da tseren Asabar saboda 'yan kallo, to a buɗe tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, a kuma taƙaita makin ga mutum uku na farko kamar yadda aka fara a 2021.