ZOHRA SEHGAL: Tsohuwar da daraktoci suka kasa ƙure wa gudu

Mai karatu, in dai kai ma'abocin finafinan Indiya ne, to ka san fuskar tsohuwar nan ko da ba ka riƙe sunanta ba. Ita ce kakar Shah Rukh Khan a 'Dil Se' (1998), ita ce kuma tsohuwar gidan su Aishwarya Rai a 'Hum Dil De Chuke Sanam' (1999). Sunanta Zohra Sehgal. Ra'ayina a kanta shi ne, masu shirya fim na Bombay sun samu zinariya amma suka riƙa auna ta da mudun gero.

Bari mu faro daga tushe. An haife ta a garin Saharanpur a 1912, a gidan Musulmi masu sarauta da kulle. Tun tana jaririya ciwo ya cinye mata idon hagu. Duk da haka, da ta gama makaranta a Lahore sai ta wuce Jamus ta koyi rawar zamani a makarantar Mary Wigman da ke Dresden. A 1935 ta shiga ƙungiyar Uday Shankar, suka zaga ƙasashe suna wasa. A 1942 ta auri Kameshwar Sehgal, wanda Hindu ne, auren da danginta suka ƙi da farko.

Inda ta zama 'yar wasa ta gaske shi ne ƙungiyar wasan daɓe ta Prithviraj Kapoor, mahaifin Raj Kapoor. Ta shiga a 1945, ta shekara 14 suna bin garuruwan Indiya. Ka san wasan daɓe ba ya yafiya. Babu darakta da zai ce a yanke a sake, babu mai tacewa da zai rufa maka asiri. In ka yi sanyi, 'yan kallo za su gaya maka nan take. A nan ta koyi yadda ake jefa magana a kan gaɓa, da yadda ake yin shiru har shirun ya fi magana nauyi.

Mijinta ya rasu a 1959, ya bar ta da 'ya'ya biyu. A 1962 ta tafi Landan, ta sha fama da ƙananan ayyuka kafin talbijin ɗin Ingila ya waiwaye ta sosai. Sai da ta haura shekara 70 sannan aka gan ta a 'The Jewel in the Crown' (1984) da 'Tandoori Nights' (1985). Ka ji fa! Shekarun da wasu ke naɗe tabarma, ita a lokacin kasuwarta ta buɗe.

Yanzu mu dubi aikin nata. A 'Veer-Zaara' (2004) na Yash Chopra, ta fito a Bebe, tsohuwa 'yar addinin Sikh da ta reni Zaara a Pakistan. Fitowarta 'yan mintoci ne kawai. Tana kwance, ajali ya zo, ta bar wasiyyar a kai tokar gawarta Indiya bisa al'adarsu. Wannan wasiyyar ce ta sa Zaara ta tsallaka iyaka har ta haɗu da Veer. Ka ga ke nan da a ce tsohuwar ba ta shiga ran ɗan kallo ba, da tafiyar Zaara ta zama wauta, da fim ɗin na awa uku ya rasa ƙafar tsayuwa. Zohra ba ta yi kururuwa ko birgima ba. Da murya ƙasa-ƙasa da kallo ta gama aikin.

Sai 'Cheeni Kum' (2007) na R. Balki, inda ta fito uwar Amitabh Bachchan tana da shekara 95. Abin dariya, a shekarar da ta yi aure aka haifi Amitabh. Uwa ce mai son kallon kokawa a talbijin, mai tsokanar ɗanta tuzuru ɗan shekara 64 kamar abokin wasanta. Duk kwarjinin Amitabh, in suna tare a hoto idonka na kanta. A ganina wannan ne kaɗai fim ɗin Bombay na ƙarshen rayuwarta da aka rubuta mata mutum sukutum, mai son ransa da rigimarsa.

To ina matsalar? Sauran daraktocin sun gano tana da ban dariya, shi ke nan sai suka ɗaure ta a turke ɗaya: kaka mai barkwanci, ta shigo ta sa albarka, ta yi zolaya, ta fice. Har a 'Saawariya' (2007), inda ta yi wasa da Ranbir Kapoor, tattaɓa-kunnen maigidanta Prithviraj, ba a ba ta filin da ya kai girmanta ba. Ita ma ba za a wanke ta tas ba, don wani lokaci takan cika zare ido da motsa fuska irin na daɓe, wanda kyamara ke ƙara wa gishiri. Amma laifin marubuta ya fi yawa. Matar da ta ga rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, wadda ƙanwarta Uzra Butt ta koma Pakistan da zama, ai tana da abin faɗa da ya wuce zolaya. Wasan daɓe ne ya ba su wannan damar, a 'Ek Thi Nani' da suka fara yi tare a Lahore a 1993.

A nan ne zancen ya shafe mu. Mun kwaso rawa da waƙa daga Indiya, mun haɗo har da wannan ciwon. Dubi marigayiya Saratu Giɗaɗo (Daso), wadda ta rasu a 2024: sau nawa aka ba ta abin da ya wuce masifaffiyar uwa? Dattijan matanmu na fim, in ba faɗa ba sai nasiha a kan kujerar falo.

Gwamnatin Indiya ta ba Zohra lambar Padma Vibhushan a 2010, ta rasu a Delhi a 2014 tana da shekara 102. Marubutanmu, ku ba tsofaffin nan labari tun suna raye. Kai kuma mai karatu, in ka sake ɗauko 'Veer-Zaara', kada ka tura gaba don neman waƙa. Tsaya ka kalli Bebe.