Barkono a Gefen Kofi ko a Cikinsa

A jihar Jalisko ta ƙasar Meziko, inda garin Tekila yake, barkono da barasar tekila sun daɗe suna zama a tebur ɗaya, amma kowanne da kofinsa. Ana zuba tekila zalla a wani ɗan siririn kofi, a ajiye sangrita kusa da shi, wato ruwan lemun zaƙi da na tsami da aka dama da barkono da gishiri, wasu kuma su ƙara tumatir. Mai sha ya kurɓi wannan, ya kurɓi wancan. Sangrita ita kanta ba ta da barasa ko ɗigo, abin da zai ba yawancin masu karatunmu, da ba ruwansu da giya, mamaki. Aikinta wanke baki ne, don kurɓa ta gaba ta zo da ɗanɗanonta cikakke.

Dalilin wannan rabuwa yana gona. Tsiron agabe mai launin shuɗi, wanda doka ta ce shi kaɗai ne irin agaben da ake yin tekila da shi, yakan kai shekara shida zuwa takwas kafin ya nuna. Sai manomi ya zo da wata faffaɗar wuƙa mai doguwar ƙota ya sassare ganyayen masu ƙaya, ya bar cibiyar, mai kama da ƙatuwar abarba, a gasa ta, a matse, a bari ruwan ya tsumu, a tace. Tun 1974 Meziko ta keɓe sunan tekila ga wasu yankuna nata, a 2006 kuma UNESCO ta sa gonakin agabe na wajen cikin wuraren tarihi na duniya. Wanda ya jira shekara bakwai ba ya son a rufe masa ɗanɗanon abinsa da yaji.

Zuba barkonon cikin tekilar kai tsaye ya fi samun karɓuwa ne a mashayun Amurka, inda margarita, haɗin tekila da ruwan lemun tsami, ta zama sarauniya, har wani mai gidan abinci a Dallas, Mariano Martinez, ya ƙera injin yin ta da ƙanƙara a 1971. Daga can salon ya shiga gidaje. Mai haɗawa yakan yanka barkonon halapenyo zagaye-zagaye, ya daddanna guda biyu ko uku a gindin gwangwanin girgizawa, ya zuba tekila fara da ruwan lemun tsami da ɗan abin zaƙi, ya girgiza da ƙanƙara, ya tace. Bakin kofin kuma a goga masa lemu a dangwala a garin Tajín, haɗin barkono da gishiri da busasshen lemun tsami, wanda shi ma ɗan Jalisko ne, tun 1985.

A nan ake yawan yin ɓarna. Sinadarin da ke sa yaji ba ya narkewa sosai a ruwa, amma a barasa nan da nan yake fita, saboda haka barkonon da zai yi daidai a miya sai ya zama wuta a kofi, musamman in an jiƙa shi ya kwana. Mutane kan cire 'ya'yan suna zaton sun rage zafi, alhali mafi yawan yajin yana jikin farar tsokar da 'ya'yan ke maƙale da ita. Masu neman burgewa har habanero suke sakawa, ɗan uwan attarugunmu, wanda ya ninka halapenyo zafi fiye da sau goma.

A ganina yaji mai yawa ya fi yi wa 'yan kasuwa amfani. Doka ta yarda a kira abu tekila ko da kashi 51 cikin ɗari ne kawai na sukarinsa ya fito daga agabe, saura daga rake ko masara. Irin wannan mai arha, in aka kurɓe shi zalla kusa da sangrita, asirinsa tonuwa yake. In harshe ya riga ya ƙone kuwa, mai sha ba zai bambance shi da na kashi 100 ba.