Ƙoƙon Bara da Ginin Jami'a: Nazarin Fo Guang Shan daga Iyakar Jibiya

Duk mai bi ta Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi ya san sadaka ba ta yankewa a wannan hanya. Direban tirela na miƙa wa almajiri canji, ɗan kasuwar hatsi na fidda zakka, kuma tun da 'yan bindiga suka fara tarwatsa ƙauyuka, gidaje da dama a Jibiya ke ciyar da 'yan gudun hijira ba tare da wani ya rubuta sunansu ba. Ko rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, ba su hana bayarwa ba. Sai dai mafi yawan wannan alheri a ciki yake ƙarewa kafin gari ya waye. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin ya dace mu leƙa wata al'umma da ba mu haɗa aƙida da ita ba, wadda ita ma da ƙoƙon bara ta taso.

Masu zuhudu na addinin Buddha, tun asali, ba su da dukiya sai mayafi da ƙoƙo. A 1967 wani malaminsu mai suna Hsing Yun, wanda aka haifa a ƙasar Sin a 1927 ya yi ƙaura zuwa Taiwan a 1949, ya kafa ƙungiyar Fo Guang Shan a yankin Kaohsiung. Koyarwarsa ita ce mai zuhudu ya daina ɓuya a kan dutse, ya sauko cikin mutane ya yi musu aiki. Daga nan aka samu gidan marayu, da motocin asibiti masu zagaya ƙauyuka, da ɗab'in littattafai, da rassa a nahiyoyi biyar. Mafi yawan masu zuhudun ƙungiyar mata ne, kuma su ke riƙe da yawancin rassan.

Inda abin ya fi jan hankalina shi ne yadda suka gina jami'o'i. Hsing Yun bai jira attajiri guda ba. Ya nemi mutum miliyan ɗaya, kowa ya riƙa ba da dalar Taiwan 100 a wata, kuɗin da talaka ma zai iya fitarwa. Da irin wannan karo-karo aka tallafi Jami'ar Nanhua da aka buɗe a 1996 da Jami'ar Fo Guang a 2000, ban da wata da suke da ita a Kalifoniya ta Amurka. Sirrin yana cikin maimaitawa da rubutawa: an san mai bayarwa, an san ranar da zai sake bayarwa, don haka ana iya ɗaukar malami aiki da tabbacin albashinsa na baɗi. Wani sirrin kuma, a 1985 Hsing Yun ya sauka daga shugabanci da ƙafarsa, ya miƙa wa almajirinsa, aka mayar da kujerar mai wa'adi. Da ya rasu a Fabrairun 2023 babu makarantar da aka rufe. Mu kuwa sau nawa muka ga Islamiyya ta mutu da mutuwar mai ita, magada suka raba filin?

Ba na cewa aikin nasu ba shi da tabo. A 1996 taron tara kuɗin siyasa da mataimakin shugaban Amurka Al Gore ya halarta a wurin ibadarsu na Hsi Lai ya jawo musu bincike da zubewar mutunci. A Afirka kuma, inda suka fara gina wurin ibadarsu na Nan Hua a Bronkhorstspruit ta Afirka ta Kudu a 1992, malamin da ya jagoranci ginin, Hui Li, daga baya ya kafa gidajen marayu na Amitofo a Malawi da Lesotho da wasu ƙasashe. Yaran na samun abinci da karatu, amma suna tashi da harshen Sinanci da ibadar Buddha, har da waɗanda danginsu Musulmi ne. Fim ɗin Buddha in Africa na 2019 ya nuna wannan ruɗani ƙarara. Wanda ya ciyar da maraya shi ke zaɓa masa harshe da alƙibla, kuma wannan gargaɗi ne ga garin da marayunsa ke ƙaruwa.

Tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wakafi ya girmi Fo Guang Shan da ƙarni goma sha uku. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, tana tara fatun layya kowace Babbar Sallah, tana kuma aikin Jami'ar As-Salam a Haɗeja. Abin da ya yi ƙaranci shi ne asusun wata-wata da ake karanta lissafinsa a bainar jama'a. Ina kira ga 'yan kasuwar Jibiya da malamanta: kafin a sake aza tubalin wata makarantar marayu, a rubuta filin da sunan wakafi, a kuma fayyace wanda zai riƙe ta bayan mai ita.