Fatalwa da Gurbi Ɗaya: Sharhi a kan Fim ɗin White

Masu iya magana kan ce, in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A adabin ban tsoro kuwa, aikin manazarci na farko shi ne ya gano wane ne sa gudun. Da wannan ma'auni muka dubi White, fim ɗin Koriya ta Kudu wanda Kim Gok da Kim Sun suka shirya a 2011.

Labarin 'yan mata huɗu ne na ƙungiyar mawaƙa mai suna Pink Dolls, waɗanda tauraruwarsu ta ƙi haskawa. Suka koma wani gini da ya taɓa yin gobara, inda Eun-ju, babbarsu, ta tsinci tsohon kaset ɗauke da waƙar da ba a san mai ita ba. Suka rera ta, duniya ta karɓa. Daga nan aka ce dole ɗaya ta tsaya a tsakiya a matsayin jagora, kuma duk wadda aka ɗora, sai masifa ta auka mata.

A nan ne gwanintar take. Kowace yarinya ta wajen abin da take taƙama da shi aka kama ta: mai murya ta maƙogwaro, wadda likita ya gyara wa fuska ta ido. Jikinsu jari ne na kamfani, ana auna shi, ana sassaƙa shi, kuma su kansu sun yarda da hakan. Wannan bai yi nisa da zahiri ba, domin sai a 2009 hukumar kula da adalcin ciniki ta ƙasar ta ƙayyade kwantiragin mawaƙa ga shekara bakwai, a shekarar da wasu mawaƙa suka kai ƙara kan kwantiragin shekara 13.

Mu da muka saba da jigon kishi a littattafan soyayya na Kano, wannan zubi ba baƙo ba ne a gare mu: kishiyoyi na cinye juna, maigidan da ya haɗa su yana gefe yana shan iska. Haka ma a nan. Gurbi ɗaya aka ajiye wa mutum huɗu, sa'annan aka koma ana mamakin gaba.

Inda muke da ja shi ne fatalwar kanta. An nuna cewa ruhin wata ce da aka danne a bayan fage, aka ƙwace mata waƙa. To, amma a kan wa ta huce? A kan 'yan'uwanta marasa ƙarfi. Masu zuba kuɗi, waɗanda suka ci moriyar kowa, ko ƙwarzane ba su samu ba. Mai yiwuwa da gangan aka yi haka, don a nuna cewa ko matacce bai isa ya taɓa su ba. Mu dai a ganinmu, rabin fim ɗin na ƙarshe ya shagala da binciken asalin kaset, har ya manta da ofishin da aka yanke shawarar gurbin.