Kafin Ka Sayi Sabuwar Kwamfuta, Ina Ka Ajiye Waƙar Bara?

Duk saurayin da ya ƙudurta buɗe situdiyo a Dakoro yau, tambayarsa ta farko in ya shiga shagon kwamfuta a Maraɗi ita ce: "I7 ce?" Idan mai shago ya ce i5 ce, sai ya yamutsa fuska kamar an miƙo masa kayan wasan yara. Ya sayar da rago, ya ranto sauran, ya dawo da injin da ya fi ƙarfin aljihunsa. Kafin wata ya zagayo ya cika ta da manhajojin da aka fasa, da dubban sautukan da ba zai taɓa amfani da su ba, da fina-finan Indiya. Ranar da sauti ya fara tsattsagewa ana cikin ɗauka, hukuncinsa a shirye yake: injin ya yi ƙarami, sai an nemo babba.

A ganina wannan yayi yana cinye kuɗin yaranmu a inda bai kamata ba. Ɗaukar sauti layi-layi, wato murya a layinta, kalangu a nasa, amshi a nasa, aiki ne mai sauƙi ga kusan kowace kwamfutar cinya da aka ƙera cikin shekaru goman da suka wuce. Abin da ke kashe aiki a garinmu zafi ne da ƙura da wuta, sai kuma babbansu, rashin ɗabi'ar ajiya.

Mu yi lissafi. Layi ɗaya na sauti a ma'aunin da ƙwararru ke aiki da shi, bit 24 da kilohaz 48, yana cin kilobait 144 a daƙiƙa, kusan megabait 9 a minti. Layi 16 a lokaci guda ba su wuce megabait 2.3 a daƙiƙa ba. Tsohon faifai mai juyawa yana rubuta wajen megabait 100 a daƙiƙa, SSD na talaka kuwa wajen 500. Ke nan ko rukunin makaɗa guda ka jera wa makirufo, abin da kake nema bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin SSD ba. A 1967 mawaƙan Beatles sun yi aikinsu mafi shahara a Landan da na'urorin tef masu layi huɗu kacal. Injin da yaronmu ke rainawa ya fi wancan nesa ba kusa ba.

To daga ina tsattsagewar take fitowa? Da farko daga zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'auni kan haura digiri 40 a inuwa, ga ɗakin ɗauka a rufe ruf da katifu, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga makirufo. Firosesa idan ta doshi digiri 100 rage gudunta take yi da kanta don kada ta ƙone, kuma i7 ta siririyar kwamfuta kan riga i5 mai kaurin jiki kai wa wannan iyaka. Ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe hanyar iska tun watan Janairu. Maganin ba shi da tsada: a buɗe injin a hure fankarsa, a sake man da ke sanyaya firosesa, a ɗaga shi daga tebur iska ta bi ta ƙasa, a mai da ɗauka safiya ko dare.

Na biyu saiti ne. Akwai abin da ake kira bafa, ɗan ma'ajin da sauti ke taruwa kafin injin ya sarrafa shi. In an sa girmansa a 128, jinkirinsa bai kai kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ba, mawaƙi yana jin kansa nan take, amma injin yana shan wahala. A 1024 jinkirin ya kai kashi 21, injin yana hutawa. Don haka ana ɗauka da ƙarami, fulogin, wato manhajojin gyaran sauti, a kashe, ana haɗa sauti da babba. Mutane da yawa sukan ɗora gyaran murya da amsa-kuwwa biyar a kan mawaƙi tun yana rerawa, sannan su zargi injin. A sa direban ASIO na kamfanin da ya ƙera katin sautin, a kashe wayfai, a hana Windows rage gudu in an cire caja, rabin kukan ya ƙare.

Na uku wuta. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana karɓa-karɓa. Ko a lokacin lafiya, wanda ke ƙarshen layin NIGELEC ya san yadda wuta ke zuwa da tafiya. Ga mai situdiyo a nan, batir mai rai ya fi firosesa mai suna. Cajar jabu da inbata mai araha su ne ke zuba gurnanin nan da ake ji ƙarƙashin murya, wanda babu fulogin da ke goge shi tas. Ɗauka a kan batir, caja a zare, sau da yawa ta fi tsabta.

Da ni ke riƙe da kuɗin, da na sayi tsohuwar kwamfutar ofis mai ƙwari irin ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, wadda ake kwancewa da sukurdireba. Na sa mata SSD, domin ba shi da abin da ke juyawa, jijjigar hanyar Kornaka a kan babur ba ta dame shi ba. Na kai RAM zuwa gigabait 16 in da hali, 8 ma tana ɗauka. Ragowar kuɗin, wanda shi ne bambancin i5 da i7, na raba shi biyu: katin sauti mai ƙofofi huɗu ko takwas, da faifan ajiya na waje guda biyu.

A kan faifan nan biyu nake son mu tsaya. Abin da aka saba shi ne a gama waƙa, a fitar da MP3, a tura wa mai ita ta WhatsApp, in wuri ya cika a goge aikin don a samu na gaba. Waƙar minti biyar mai layi 16 tana cin kusan megabait 700, MP3 ɗinta kuwa wajen 5. Abin da aka riƙe tuwo ne, abin da aka zubar shi ne iri, kuma babu manomin Dakoro da zai share rumbunsa don ya ga tukunya a cike. Daga layukan asali ne ake sake haɗa waƙa, a cire kiɗa a ba gidan rediyo murya, a gyara kuskuren da kunne bai kama ba sai bayan shekara. Faifai mai terabait 1 yana ɗaukar kimanin sa'o'i 120 na layi 16. Situdiyo nawa ne a nan suke cika wannan a shekara?

A 2008 mawaƙi Mdou Moctar ya je Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta bulutut da katin ajiya, har Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya sa ɗaya cikin tarin da ya fitar a 2011, daga baya aka buga kundin a faifan garmaho. Yau mutumin yana zagaya Turai da Amurka. Ranar da aka yi ɗaukar, wa ya san inda za ta kai? Mai situdiyo ba ya sanin wace waƙa ce za a zo nema bayan shekara goma, shi ya sa ba shi da ikon zaɓar wadda zai goge. Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma yawancin abin da ke hannunmu kaset ne da murya da kalangu da amshi suka cakuɗe wuri guda. Mutanen wancan zamani kayan aiki ne suka yi musu iyaka. Mu da muke da hanyar rabawa, da hannunmu muke gogewa.

Ajiyar ma tana da ƙa'ida. SSD na aiki ne. Idan ya mutu ba ya sallama, kuma barinsa shekaru cikin zafi ba wuta ba ya yi masa kyau. Kwafi na dogon lokaci ya zauna a faifai mai juyawa. Kwafi uku ake so: na cikin injin, na cikin akwati, da na wani gida dabam, ko wajen ɗan'uwa a Maraɗi, domin gobara da ɓarawo ba sa ɗaukar rabi su bar rabi. A guji ƙananan filas na bakin tasha, waɗanda wasunsu ke nuna girman da ba su da shi. A rubuta wa kowane aiki sunan mawaƙi da kwanan wata da sunayen makaɗa. Kuma injin situdiyo ya daina zama wurin tura wa jama'a waƙa a kati, don ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga.

Katin sauti mai ƙofofi da yawa kuwa dalilinsa yana bakin ƙofarmu. Dakoro mahaɗar manoma da makiyaya ce. Daga nan zuwa Bermo da Gadabeji akwai waƙar taron Wodaɓe, da goge, da gurmi, da kalangun biki, da waƙar daka ta mata. Irin wannan kiɗa ba a gina shi ɗaya bayan ɗaya a kan fiyano. Tare ake yin sa, mai kalangu yana kallon bakin mawaƙi. Mai ƙofa biyu dole ya tarwatsa su ko ya cusa su a makirufo guda. Mai ƙofa takwas, ko ƙaramar na'ura irin Zoom H6 da ke ɗaukar layi shida da batir ɗin rediyo, zai iya zuwa ruga ya same su a inda suke. Situdiyoyin Kano sun fi mu kayan fiyano, ba za mu kamo su a nan ba. Kiɗan bakin ƙofarmu kuwa ba su da shi.

Za a ce mai waƙa MP3 kawai ya biya, don me zan ɗauki nauyin ajiyarsa? Gaskiya ne, shi ya sa nake ganin a sa ajiyar cikin ciniki: jika ɗaya ko biyu a kan kuɗin aiki, a rubuta a takarda cewa layukan na nan, da wanda ke da iko da su. Za a kuma ce mai haɗa kiɗa da manyan tarin sautuka yana buƙatar inji mai ƙarfi. Wannan ma gaskiya ne, amma RAM da SSD yake buƙata kafin komai, kuma shi ma ranar da faifansa ɗaya tilo ya tsaya, i7 ba za ta dawo masa da ko baiti guda ba.

Shawarata ga mawaƙa ita ce su sauya tambayar da suke yi in sun shiga situdiyo. Su bar duba tambarin da ke manne a jikin injin, su ce wa mai wurin ya buɗe musu aikin da ya yi bara, layi-layi. In ya buɗe, su zauna. In ya fara sosa ƙeya, su nemi wani.