Masu Gane Bishiya Tun Tana Leda

Duk mai ido yana gane mangwaro idan ya yi 'ya'ya. Gwanintar ita ce a gane shi yana da ganye huɗu, a cikin baƙar leda. Wannan ilimi na masu rainon dashe ne, waɗanda ke jera ledoji a bakin titunan Kano da Kaduna, su wuni suna ban ruwa.

Da damina wasu tsirrai suka fito min a bayan gida, inda yara ke yar da ƙwallo. Na ɗebo uku na kai wa wani dattijo mai rainon dashe. Na farko ko taɓa shi bai yi ba: sabon ganyen ja-ja, ya yi laƙwas yana reto, ya ce mangwaro ne. Na biyu ya murza ƙaramin reshen tsakanin yatsu biyu, ya ce, "Alhaji, taɓa ka ji, kusurwa huɗu gare shi. Gwaiba ce." Na uku ya tsinki ganye ya murtsuke, ya kai hanci, sai ga ƙamshin lemo.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyarsa. Na tambaye shi gwandar da zan saya, mace ce ko namiji? Ya ce, "Wallahi sai ta yi fure." Da wani ne, da ya rantse min, ya karɓi kuɗi.

Kafin in tafi ya nuna min tabon aure a gindin wani dashen mangwaro, ya ce wannan zai riga nawa na ƙwallo haihuwa da shekaru. Na sayi biyu.